Zagayen wuni ɗaya daga Legas: a tafi a jirgin ƙasa a dawo a mota, ko a juya?

Dan_Agege:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san hanya. Mutum yana Legas, wuni ɗaya tal gare shi, yana so ya fita ya ga ƙauyuka da gonaki, ya dawo ya kwana a gidansa. Sharaɗin shi ne kada ya dawo ta inda ya bi, wato zagaye zai yi, rabi a jirgin ƙasa rabi a motar haya. Ina ya kamata a sauka, Abekuta ko Badun? Kuma wanne ya fi, a tafi a jirgi a dawo a mota, ko a tafi a mota a dawo a jirgi? Mutum huɗu ne, ba motar gida, ba kuma za a ɗauki shata ba.

Injiniya_Oyingbo:
Wa alaikumus salam. Abekuta, ba sai an yi dogon tunani ba. Bari in shimfiɗa maka layin ka gani da kanka. Sabon layin dogon Legas zuwa Badun kilomita 157 ne, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina shi, Shugaba Buhari ya buɗe shi a watan Yunin 2021. Tashoshinsa daga kudu zuwa arewa: Ebute Metta, wadda aka sa wa sunan Mobolaji Johnson, sai Agege, Agbado, Kajola, Papalanto, Abekuta mai sunan Wole Soyinka, Olodo, Omi-Adio, sai Moniya a Badun mai sunan Obafemi Awolowo. Daga Ebute Metta zuwa Abekuta kimanin awa ɗaya da rabi ne, zuwa Moniya kuwa awa biyu da rabi. Jirgin safe yana tashi wajen ƙarfe 8. Ka ga wanda ya sauka Abekuta yana ƙasa tun 9:30, hantsi bai gama ɗagawa ba. Wanda ya zarce Moniya sai wajen 10:30, kuma Moniya ba cikin gari ba ce, tana can arewacin Badun. Kafin ya samu mota ya bi ta Ojoo ya shiga gari an kusa azahar. Daga nan kuma babbar hanyar dawowa kilomita 127 tana jiransa. Wuninsa ya ƙare a kujera.

Tunda kai a Agege kake, kada ka wahalar da kanka zuwa Ebute Metta. Jirgin yana tsayawa a tashar Agege, nan za ka hau.

DirebanKara:
Injiniya ya gama maganar inda za a sauka. Ni kan tambaya ta biyu zan yi magana, don nan ne mutane suke faɗawa rami. Ku tafi a jirgi, ku dawo a mota. Dalili kuwa, jirgi agogo gare shi, mota ba ta da shi. Abin da yake da agogo da shi ake farawa, lokacin da kake da iko da kanka: ka yi asuba, ka karya, ka isa tasha da wuri. In ka bar jirgi a ƙarshe, wunin nan duka idonka na kan agogo, kuma keke ɗaya ya maƙale da kai a Panseke cikin Abekuta, shi ke nan jirgin yamma ya wuce da kuɗin tikitinka. Mota kuwa in wannan ta cika ta tashi, wata na bayanta tana lodi.

Bakatsine77:
Direba, da girmanka, amma ban yarda ba. Gajiya da yamma take zuwa. Ka wuni kana hawan dutse da zagayen kasuwa, sannan a ce ka matsu mutum huɗu a layi ɗaya cikin bas har Sango? Gara a sha wahalar mota da safe da sauran ƙarfi, a dawo cikin sanyin tarago ana gyangyaɗi. Kuma da safe fita daga Legas ba cunkoso, kowa shigowa yake.

DirebanKara:
Ai maganarka ta ƙarshe ni ta taimaka wa, ƙanena. Da safe kowa shigowa yake, gaskiya ne. To da yamma fa? Kowa fita yake, mutanen Sango da Ifo da Mowe da Ibafo suna komawa gida. Kai da kake dawowa daga Abekuta da la'asar kana ɗaya hannun ne, kana kallonsu a tsaye kana wucewa. Wannan lissafin Litinin zuwa Juma'a ne. Ranar Lahadi da yamma abin juyawa yake, duk wanda ya je ƙauye hutun ƙarshen mako yana dawowa, shigowa Legas ta Berger, mashigar gari daga babbar hanyar Badun, sai addu'a. In Lahadi za su je, to na ba ka gaskiya, su dawo a jirgi. Asabar kuma tsaka-tsaki ce, sai dai bukukuwa, don in aka kafa rumfa a bakin titi a Ifo ko Sango an cinye rabin hanya.

Hajiya_Mile12:
Ku dai fara gaya masa yadda zai samu tikitin, kun tsaya gardama.

Injiniya_Oyingbo:
Gaskiyarki Hajiya. Tikiti yanzu ta intanet ake yanka, a shafin hukumar jiragen ƙasa ko manhajarta. Za a nemi lambar NIN ta kowane babba, kuma sunan da ke kan tikiti shi ake so ya dace da na katin shaidar da za ka nuna a ƙofa. Nan ake samun tangarɗa: mutum ya yanka wa abokinsa da sunan da ake kiransa a unguwa, katinsa kuma wani suna ne. Ka karɓi lambobin mutanenka ukun da sunayensu yadda suke a rubuce kafin ka zauna yanka. Aji uku ne, na gama-gari, na 'yan kasuwa, da na ɗaya. Tafiyar awa ɗaya da 'yan kai ba ta kai a kashe kuɗin babban aji ba, na gama-gari ma akwai na'urar sanyi da banɗaki, kuma kowa da lambar kujerarsa. Ka yanka kwana biyu ko uku kafin ranar, musamman in Juma'a ce ko Asabar ko gab da Sallah da Kirsimeti. In ka biya, ka ɗauki hoton tikitin ka ajiye a waya, kada ka dogara da sabis a bakin ƙofa. Ka isa tasha da saura minti 45, akwai binciken kaya, kuma ana rufe ƙofa kafin jirgi ya tashi. Lokacin tashi ana ɗan sassauya shi, na ƙarshen mako ma daban yake da na ranakun aiki, saboda haka abin da ke kan tikitinka shi ne magana, ba abin da wani ya gaya maka bara ba.

Abu ɗaya kuma: jerin tashoshin da na kawo a sama ba yana nufin duka ake tsayawa ba. Daga cikin inda aka saba tsayawa akwai Agege, Abekuta, Omi-Adio da Moniya. Kada wani ya ce zai sauka Papalanto ya sayi rake ya sake hawa.

Zainabu_Alaba:
A ƙara da rigar sanyi ko mayafi mai kauri in da yara. Sanyin taragon nan ba na wasa ba ne da safe.

Baban_Ummi:
Tambayar Dan_Agege ƙauye yake son gani, ba tasha ba. To ga abin da taga za ta nuna masa. Daga Agege har Agbado har wajen Ijoko babu ƙauye, bayan gidaje ne da kasuwannin gefen dogo da kwanon rufi. Kada ka karaya. Sai an wuce Kajola, inda aka gina masana'antar harhaɗa taragu, sannan ƙasa take buɗewa. Daga nan za ka fara ganin gonakin rogo da masara a kan kunya-kunya, bishiyoyin kwakwar manja tsaye ɗai-ɗai a tsakiyar gona, ayaba a bayan gidaje, gora a bakin rafi. Wajen Papalanto ƙasar fadama ce, rake ne ko'ina, can gefe kuma ga bututun masana'antar siminti ta Ewekoro, wadda take aiki tun 1960, don duk yankin farar ƙasa ce a ƙarƙashi. In kuka matso Abekuta sai manyan duwatsu su fara leƙowa daga cikin ciyayi. Tsawon wannan kallon bai fi minti 40 ba, shi ya sa wanda ya sunkuya a kan waya zai ɗago ya ji ana cewa an iso.

Lokaci ma da nasa. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ne mai yawa, ƙasa kore shar amma tsohuwar hanya tana jiƙa ta lalace. Cikin Agusta ruwan yakan ɗan ɗauke. Nuwamba ta fi min, ganye bai bushe ba, ruwa ya ja baya. Janairu hazo ne da ƙonannun gonaki.

Dan_Agege:
Na gode ƙwarai. To an sauka Abekuta 9:30, sai ina?

MaiRini_Sabo:
Tashar tana Laderin, gefen Oke-Mosan inda sakatariyar jiha take, ba cikin tsohon gari ba. Kana fitowa masu tasi da keke za su yo kanka. Na bakin ƙofa kuɗinsu daban ne, don sun san baƙo ne ya sauka. Ku huɗu kun cika tasi ɗaya, ku yi ciniki a kan mota duka zuwa Olumo, a gama magana kafin a shiga, a kuma faɗi ko kuɗin na mutum ɗaya ne ko na duka. Nan rigima take tashi.

Ku fara da dutsen Olumo tun rana ba ta yi zafi ba. Tsayinsa mita 137, yana unguwar Ikija. A kogunansa Egbawa, Yarabawan Abekuta, suka ɓuya lokacin yaƙe-yaƙen ƙasar Yarabawa, wajen 1830, a ƙarƙashin jagorancin Sodeke, daga nan garin ya kafu. Ana biyan kuɗin shiga, mai yi maka jagora kuma ana ba shi nasa. Akwai matakala, akwai kuma na'urar hawa da aka sa don tsofaffi, amma kada ka ɗora tafiyarka a kanta, ka zo da shirin hawa da ƙafa. Akwai wani matsattsen wuri tsakanin duwatsu biyu inda sai ka dafa da hannu, saboda haka babbar riga da takalmi mai santsi a bar su gida. In an yi ruwa da dare dutsen santsi yake. Daga sama za ka ga kogin Ogun da gadar Lafenwa da tsofaffin rufin kwano da suka yi ja, da hasumiyar babban masallacin Kobiti. Awa ɗaya da rabi ya isa, hawa da sauka da hutawa.

Kuma tun da nan zauren Musulmi ne in faɗa: akwai wurin tsafinsu na gargajiya a jikin dutsen, da tsofaffin mata masu kula da shi. Babu mai tilasta maka komai. Ka gaishe su ka wuce, kada ka ɗauki hotonsu ba izini.

Hajiya_Mile12:
Daga Olumo kasuwar Itoku tafiyar ƙafa ce, 'yan mintuna. Nan ake sayar da adire, ƙyallen rinin Yarabawa. Malam MaiRini ka gaya musu yadda ake gane na gaske, don yanzu an cika kasuwar da bugun inji daga waje, mutum ya je har Abekuta ya dawo da abin da yake jibge a Balogun.

MaiRini_Sabo:
To Hajiya. Abu na farko ka juya bayan ƙyallen. Rinin hannu yana ratsa zare, gaba da baya kusan ɗaya suke. Bugun inji bayansa fari-fari ne, launin a fuska kawai ya zauna. Na biyu ka shimfiɗa shi ka bi zanen da ido. Na hannu ba ya maimaita kansa daidai wa daida, wani da'irar ta fi wata, wani wurin rini ya ɗan zarce. In ka ga kowane fure tamkar ɗan'uwansa, inji ne. Na uku, wanda aka ɗaure da zare ko aka ɗinke kafin a tsoma, za ka ga ƙananan hujojin allura da tattarar ɗaurin ba ta gama sakewa ba. Wanda aka yi wa zane da kullun rogo kuwa, shi a fuska ɗaya ake shafa kullun, saboda haka bayansa ya fi gabansa duhu, kada ka ce jabu ne. Na shuni na gaske yana da warinsa, kuma in ka murza da ɗan yatsa mai laima zai bar maka shuɗi, duk wanda ya san Ƙofar Mata ya san wannan. Yawanci yadi biyar ake yankawa, amma ka sa a auna a gabanka. Wankin farko shi kaɗai, ruwan sanyi, ba omo mai ƙarfi, a shanya a inuwa.

Bakatsine77:
Mun bar maganar hanya mun koma rini.

Malam_IdiAraba:
Bari in ƙara karkatar da ita kaɗan, don akwai abin da ba a taɓo ba. Sallah. Azahar a wannan yanki tana shiga tsakanin 12:30 da 1, gwargwadon wata, magariba kuma tsakanin 6:25 da 7. In kun bi tsarin Direba azahar za ta same ku a Abekuta, ga masallacin Kobiti kusa da Itoku, ga kuma Sabo inda 'yan'uwanmu suke. La'asar ce matsala, don ita za ta riske ku cikin mota, kuma direban haya ba zai tsaya maka ba. Matafiyi a ƙasa yana da sauƙin haɗa azahar da la'asar in ya san zai kasance a kan hanya har rana ta yi ja. A yi niyya, a haɗa su kafin a shiga mota.

Abu_Hanifa_Ojo:
Malam, kasaru fa? Ai Abekuta ta kai.

Malam_IdiAraba:
A mazhabar Malikiyya barid huɗu ne, wato mil 48, kimanin kilomita 80, kuma tafiya kaɗai ake lissafawa, ba a haɗa ta da dawowa. Tsohuwar hanyar Legas zuwa Abekuta tana kan wannan iyakar ne. Sai dai ana fara ƙirga ne daga inda gidajen garinka suka ƙare, to ina Legas ta ƙare? Daga Agege har Sango har Ifo gini bai yanke ba. Wanda ya ƙirga daga ƙofar gidansa zai ce ta kai, wanda ya ƙirga daga ƙarshen gine-gine zai ce da saura. Ni dai in shakka ta shigo cikawa nake ba da shawara, amma kowa ya tambayi malaminsa. In Juma'a ce kuma ku tsara ta yadda za ku same ta a Abekuta, kada ta same ku a Itori.

Zainabu_Alaba:
Abinci kuma kada a je Abekuta a nemi tuwon shinkafa. Shinkafar Ofada a nan jihar ake nomanta, sunan wani ƙauye ne ma can wajen Owode. A ganye ake zuba ta, da miyar koren tattasai da attaruhu da manja da daddawa, da ganda da kayan ciki. Yajin ba kaɗan ba ne, mai gyambon ciki ya yi nesa, musamman da tafiyar mota a gabansa. Shi ya ci amala da miyar lalo da ta wake. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da nama ba ya nemi kifi, ko ya bari sai Sabo.

DirebanKara:
To mu dawo kan dawowa, don ita ce rabin zagayen. Hanya biyu ce daga Abekuta.

Ta farko tsohuwar hanya: Ita-Oshin, Wasinmi, Itori, Ewekoro, Papalanto, Ifo, Sango, Tollgate, Abule Egba. Motocinta a Lafenwa da Ita-Oshin suke lodi. Ita ce ta ratsa ƙauyuka, ita ce kuma ta faɗo kai tsaye unguwar Dan_Agege. Aibinta tireloli. Siminti na Ewekoro, ga na Ibese da ke fitowa ta hanyar Ilaro su haɗu a Papalanto, duk a kanta suke. Nauyinsu ne yake farfasa kwalta, ruwa ya shiga, rami ya buɗe. An daɗe ana aikinta, kuma duk inda ake aiki ana mayar da motoci hannu ɗaya. Tirela ɗaya ta mutu a irin wannan wurin, kowa ya kashe mota. In hanya ta yi kyau awa biyu, in ta ƙi huɗu ma ana yi.

Ta biyu ta Kobape da Siun zuwa mahaɗar Shagamu, kilomita 42, gwamnatin Ogun ta gyara ta, sannan a hau babbar hanyar Badun a biyo ta Mowe, Ibafo, doguwar gada, Kara, Berger. Motocinta a Kuto suke. Ta fi tsawo amma ta fi santsi, kuma tsakanin Kobape da Siun daji ne da gonaki da wuraren fasa dutse. Ita ce take ba da zagaye na gaske, don tsohuwar hanya kusan gefen dogo take bi, abin da ka gani da safe ta taga shi za ka sake gani da yamma.

Ni ta biyun zan ce, sai dai a kiyaye rana. Juma'ar farko ta kowane wata akwai taron dare na cocin Redeemed a sansaninsu da ke kan wannan hanya, ga babban taronsu na Agusta da na Disamba. Ranakun nan a bi ta Sango.

Baban_Ummi:
Direba na yarda da kai a komai ban da cewa abu ɗaya za a gani. Daga jirgi gona kake gani, daga mota mutane. A tsohuwar hanya ne za ka ga mata na suyar garin rogo a bakin titi, an jera buhunan rogon da aka markaɗa an danne su da katako ruwan na tsiyaya, ga raken Papalanto an ɗaure dami-dami, ga dodon koɗi da manja a jarka. Kuma kasuwar Ifo babba ce, kayan gona daga ƙauyukan kewaye nan suke sauka. Dabarar ita ce kada a shiga mota mai zarcewa. A yanka tafiyar uku: Ita-Oshin zuwa Papalanto, a sauka minti 20, Papalanto zuwa Ifo, Ifo zuwa Sango. Kuɗin zai ɗan ɗara, amma ƙananan motocin nan ba sa daɗewa wajen cika. A babbar hanya ba ka da wannan damar, daga Shagamu gudu ne kawai har Berger.

MaiGoro_Shagamu:
Wa ya ce ba dama? Ku sauka Shagamu mana. Daga mahaɗar ku shiga gari ku nemi Sabo. Tun zamanin kakanni Hausawa suke nan saboda goro, ƙasar Remo, wato yankin Shagamu, ƙasar goro ce, daga nan ake ɗaure shi a yi Arewa da shi. Ku shiga rumfa ku ga yadda ake zaɓe, a ware fari da ja, a fitar da mai tsutsa, a shimfiɗa ganye a kwando a jera a rufe. Wanda zai saya na gida ya fasa ɗaya ya duba cikinsa, ya kuma nemi a sa masa ganye, kada a zuba a leda a ɗaure, zufa zai yi ya ɓaci kafin kwana uku. Motar Legas kuwa ba ta yankewa a Shagamu, akwai ta Berger da Ojota, akwai kuma mai bi ta Ogijo zuwa Ikorodu.

Injiniya_Oyingbo:
Alhaji MaiGoro, kowa dai garinsa yake ja. Lissafin lokaci fa? Olumo zuwa 11:30, Itoku zuwa 1, sallah da abinci zuwa 2, a isa Kuto a jira mota ta cika zuwa 2:45, Shagamu 3:45, awa ɗaya a Sabo, a tashi 5, Berger 6 in Allah ya kiyaye doguwar gada. Daga Berger zuwa Agege kuma a lokacin tashi daga aiki. Yana yiwuwa, amma ba sarari ko kaɗan. Wanda zai tsaya Shagamu ya rage Itoku.

MaiGoro_Shagamu:
Ya rage dutsen dai. Dutse na nan ba inda za shi.

Hajiya_Mile12:
Ni abin da zan ƙara na tsaro ne. A shiga mota cikin tasha, inda 'yan kamasho suka san direba, ko da ta fi tsada da ɗan wani abu. Motar da ta tsaya maka a bakin titi da mutum uku a ciki tana kiran kuɗi mai araha, bar ta ta wuce, 'yan wan cans, ɓarayin da ke fakewa da motar haya, ba a goshi aka rubuta musu ba. A tanadi kuɗi a hannu, 'yan 200 da 500 da 1,000, a raba su aljihu biyu. Kwandasta ba ya jiran taransifa, kuma tsakanin ƙauyukan nan sabis yana ɗaukewa. Ku tambayi fasinjan da ya riga ku zama nawa ya biya kafin ku tambayi kwandasta. Kujerar gaba mutum biyu ake sawa, in ana son sakewa a biya kuɗin biyun. Kuma ko ta wace hanya, magariba ta same ku kun shigo gari. Dajin Siun ba wurin da mota za ta lalace da kai da dare ba ne.

Bakatsine77:
Kun ga duk wannan lissafin na magariba da wan cans da tirela, shi ne dalilina tun farko. Wanda ya fita a mota 6:30 na safe ya bi ta Ifo da Papalanto, ya ga kasuwa tana ci da sanyin safiya, ya isa Abekuta 9:30 ɗin nan dai, ya dawo a jirgin yamma da ke tasowa daga Moniya, ba ruwansa da duhu.

DirebanKara:
In ya same shi ba. Kuma kayan da ya saya a Ifo da safe, rake da gari da manja, da su zai hau Olumo?

Bakatsine77:
Wannan kuma ka kama ni. Sai ya bar sayayya.

Tsohon_Reluwe:
'Ya'yana, ina karanta ku tun ɗazu. Hanyar da kuke gardama a kanta ita ce ta kawo kakanninku Agege. Tsohon dogon Turawa ya tashi daga Legas ya bi ta Abekuta ya isa Badun a 1901, ya haɗe da Kano a 1912, goro na hawa, shanu da gyaɗa da fatu na sauka. Faɗinsa milimita 1,067, sabon kuwa 1,435, shi ya sa jirgin wannan ba ya hawa na wancan ko da kun gan su kusa da juna. Tsohuwar tashar Abekuta tana Lafenwa, tsallaken kogi, wanda zai shiga motar Sango a can ya ɗan leƙa ta. Mai sha'awar tarihi kuma akwai Jaekel House a harabar reluwe ta Ebute Metta, an mayar da shi gidan adana kayan tarihin jirgi. Wannan na wata ranar ne, kada ku cusa shi cikin wannan.

Dan_Agege:
Allah ya ƙara girma Baba. In an iso Sango ko Abule Egba fa, ga wanda ba Agege zai tsaya ba? Ɗaya daga cikinmu a Idi-Araba yake.

Injiniya_Oyingbo:
Daga Abule Egba ya hau BRT, babbar bas ta jihar Legas, zuwa Oshodi, tana da layinta na daban, cunkoso bai cika taɓa ta ba. Da katin Cowry ake shiga, ya sa masa kuɗi tun da safe. Katin nan dai shi ne na jirgin Red Line na jihar Legas, mai tashi daga Agbado ya bi Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba zuwa Oyingbo, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024. In lokacinsa ya dace ya sauka Mushin, ya yi kusa da gida. Kada a rikita su, tikitin jirgin Abekuta na tarayya ne, ba ya aiki a Red Line. Kuma kada ya sa rai da acaba daga Oshodi ko Mushin, tun 2022 aka hana a can. Keke ko danfo.

Abu_Hanifa_Ojo:
Ba wanda ya yi maganar zagayen Badun, Ijebu-Ode, Epe. A jirgi zuwa Moniya, a mota ta Idi-Ayunre inda cibiyar binciken koko take, a ratsa dajin Onigambari zuwa Ijebu, a sayi garin rogonsu mai tsami, a faɗo Epe kasuwar kifi. Ƙauye kam ya fi na Abekuta.

DirebanKara:
Ya fi, amma ba na wuni ɗaya ba ne a motar haya. Mota huɗu ko biyar za ka canza, kowace sai ta cika, ratsa Badun kaɗai daga Moniya zuwa unguwar Challenge awa ce. Ka iso Epe da magariba, ga tankokin matatar Dangote a hanyar Lekki, ko ka bi ta Itoikin zuwa Ikorodu cikin duhu. Mutumin Agege zai shiga gida 11 na dare. Wannan sai mai motarsa, ko wanda zai kwana Ijebu. In kuma rana ta uku ta Babbar Sallah ce, ranar bikin Ojude Oba na Ijebu-Ode, ko wurin ajiye ƙafa babu a garin.

Zainabu_Alaba:
Tambaya ga Injiniya, jarirai da ƙananan yara su ma sai da NIN ake yanka musu, ko a kan na uwar ake haɗawa? Kuma manja a jarka ana barin shiga da shi tarago? Don in ba a bari, maganar Bakatsine ta ƙara rushewa.

Bakatsine77:
Yaya Zainabu ai na riga na ce a bar sayayya, a bar ni haka.